Shanun Aro a Rugar Bappa

A Magariya in ka ce Yero, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Yero Sosiyo kuwa, kowa ya san shi: dogon Bafulatanin nan mai koyar da faransanci a kwalej, wanda ba ya dariya sai ta kama dole. Laƙabin ya fito ne daga karatun da ya yi a Abijan, sosiyoloji, wanda har yau rabin garin suke tsammanin wata cuta ce yake warkarwa. Ba faransanci ya karanta ba, ba kuma koyarwa ya yi niyya ba. Wani aiki ya fara riƙewa na ƴan watanni a 1975, shi ya kai shi aji.

An haife shi a wata ruga gabas da Dungas, wurin da ake kira Tudun Kalgo. Mutanensa suna noman gero da gyaɗa, amma in ka tambaye su sana'arsu, shanu za su ce maka. Ubansa ya rasu yana goye, uwar ta koma danginta, sai ƙanen uban ya ɗauke shi. Bappa kowa ke kiran mutumin nan, yara da manya. Shi da matarsa Dada ba su taɓa haihuwa ba, sai Yero ya zame musu ɗan fari, da duk kunyar da ke tsakanin Bafulatani da ɗan farinsa. Bappa bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai wannan," haka yake ce masa, yana kallon wani gefe. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa cewa wash a gabansa ba, ko ranar da bijimi ya taka masa ƙafa farce ya fita.

Shekarar da aka ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a sa lakwal, wato makarantar boko, Yero aka nuna, yana ɗan shekara bakwai. Dada ta bi masu tafiya da shi har bakin burtali tana kuka. Ashe yaron yana da kai. Daga Magariya sai Damagaram, daga Damagaram sai Yamai, daga can gwamnati ta tura shi Abijan. Da za a gama, aka ce kowane ɗalibi ya rubuta littafi a kan wata al'umma. Yero ya rubuta shafi ɗari da ashirin a kan kunyar Fulani makiyaya, abin da ake faɗa da abin da ba a faɗa, da gaban wanda ba a faɗarsa. Malamansa suka yaba ƙwarai.

Ya sauka Yamai a ƙarshen daminar 1974 da difilom a jaka da takalmi mai igiya, yana ganin ƙasa tana jiransa. Ƙasa kuwa ba ta ma san ya iso ba. Wata huɗu ya yi yana zagayen biro-biro, wato ofisoshin gwamnati. A wani biro aka juya takardar gaba da baya, aka ce, "Sosiyoloji? To mu nan mai haƙa rijiya muke nema." A wani aka ce ya dawo bayan salla. Masu kula da lakwal suka ce maza ya zo, ana ƙarancin malamai, gobe-goben nan a ba shi aji. Ya ƙi, wai ba don ya koya wa yara haɗa baƙi ya yi shekara huɗu a bakin teku ba. Wani Nasara mai bincike ya so ya ɗauke shi tafinta, ya riƙa bin sa ƙauye-ƙauye da jakar rikoda a kafaɗa. Wannan ma ya ƙi, kuma wallahi ba a ga laifinsa ba. Mutum ya karanta abin da Nasaran ya karanta, a ce ya zama ɗan ɗaukar jaka? Shi abin da yake so, a ba shi aikin da za a tambaye shi yadda mutane suke kafin a yi musu abu. Irin wannan aiki lokacin ba a ajiye masa kujera a ko'ina ba.

Da zaman Yamai ya gagara, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya taho gida.

Ya san an yi fari, ya karanta a jarida. Amma bai san abin ya kai nan ba. Shanun arewa ne suka gangaro suka cinye ciyawa har saiwa. Bappa ya kora nasa arba'in da ƴan kai zuwa kudu, cikin Nijeriya, can kuma ciwon sammore ya gama da abin da yunwa ta bari. Ya dawo da sandarsa kawai. Ba Bappa ne ya gaya masa wannan ba. Bappa da ya gaishe shi, cewa ya yi lafiya lau, shanu lafiya lau, kowa lafiya lau. Dada ce ta ja shi bayan bukka ta faɗa masa, tana share ido da bakin zane. Abin da ya fi ƙona wa Yero rai shi ne safiya. Kullum Bappa zai tashi ya tafi mashekarin shanu, ya miƙe dangwali, igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jikinta, ya duba maɗauranta ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ɗan lokaci, sannan ya dawo.

"To kai wane aiki ka karanto mana?" in ji Dada. "Likita ne?"

"A'a, Dada."

"Alƙali?"

"A'a. Ilimin zaman jama'a ne. Yadda mutane suke zaune da juna."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah! To mu da ba mu je Abijan ba, da wa muke zaune?"

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Shekara goma sha takwas an raba gidan nan da hannun da zai yi musu kiwo, ga shi ya dawo bai iya tatsar ko akuya ba, bai kuma kawo abin da za a nuna a ce ga amfanin tafiyar ba.

A farkon 1975 sai ga aikin da yake mafarki ya biyo shi har Magariya. Wani furoje ne, aikin taimako na ɗan lokaci, da zai raba wa makiyaya karsana uku-uku su sake kafa garke. Sharaɗin ɗaya ne: sai wanda bai da ko saniya ɗaya. Ana neman wanda ya san Fulani, ya san takarda, ya zaga rugage ya rubuta sunaye. Kamar don Yero aka ɗinka rigar. Shugaban aikin wani likitan dabbobi ne, Mushe Bawa, wato Malam Bawa a faransance, mutumin Kwaya, gajere mai saurin magana, wanda ba ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. Zamanin soja ne, kuma kowane ma'aikaci yana tsoron a ce ya karkatar da kayan taimako wajen danginsa.

Yero ya yi murna har ya kasa cin abinci. Karsana uku ba garke ba ce, amma a hannun Bappa, shekara shida sun isa su zama garke. Karatun da aka rasa sunansa shi zai mayar da shanu Tudun Kalgo.

Suka yi wata biyu suna yawo, wajen Yekuwa, wajen Kwaya, har aka zo kan rugagen Dungas. Ranar kasuwa Yero ya haɗu da Hamma, maƙwabci kuma abokin Bappa tun suna yara. Ya ce masa, "Ka gaya wa Bappa ran Alhamis muna tafe da babbana na wurin aiki. Ku shirya." Nufinsa kowa ya zauna gida, kada a zo a tarar mutum ya tafi daji. Bai ƙara kalma ɗaya a kai ba, don yana sauri mota na jiransa.

Ran Alhamis da hantsi motar ta hau tudun. Kafin su ga bukkoki, Yero ya ji kukan maraƙi. Ya leƙa ta taga. Mashekarin Bappa cike da shanu, ramammu, ƙashin haƙarƙari a waje, amma a tsaye, suna kaɗa jela. An ɗaure maruƙa huɗu a dangwali. Bappa yana tsaye a gefe cikin rigarsa ta salla, Dada kuma ta taho da madara a sabuwar ƙwarya, kumfa har baki.

Mushe Bawa ya sha ya yi ajiyar zuciya. "Kai! Rabona da irin wannan tun kafin fari." Sannan ya ciro bik ɗinsa na rubutu ya shiga nuna shanun ɗaya-ɗaya, shofer mai tuƙa su da gardi, dogarin gwamnati da ke rakiya, suna taya shi. "Goma sha bakwai. Yero, ashe ku kun tsira." Ya rubuta a gaban sunan Bappa.

Yero ya ja Hamma gefe. "Shanun wa ne waɗannan?"

Hamma ya washe baki, shi a dole sun yi abin kirki. "Daga ruga shida muka tattaro su tun jiya. Waɗannan biyu nawa, waccan ja ta gidan Sale, haka dai. Ba kai ka ce mu shirya ba? Yaya za a yi ɗanmu ya zo da babbansa a tarar gidansu ba ko saniyar tatsa? Su koma su raina ka a wurin aiki?"

Aka zaga sauran rugagen shida. Ko'ina wayam, sai busasshen kashin shanu. Mushe Bawa ya rubuta babu, babu, babu, har sau shida, duk sunayensu suka shiga. Mutum ɗaya ne kaf yankin da gaske bai da ko kofato, shi ne kuma aka tsallake.

Daren nan Yero ya kwana yana juya abin. In ya yi shiru, Bappa ya rasa. In ya faɗi masu shanun, gida shida su rasa, mutanen da saniya biyu ko uku suka rage musu, suka kuma koro su don su rufa masa asiri. Washegari ya shiga biron Mushe Bawa ya rufe ƙofa, ya fara kame-kame.

"Zauna," in ji Mushe Bawa. "Ka ɗauka ban gani ba? Shekara ashirin ina duba shanu. Garke ɗaya, tsagar kunne iri shida, saniya tana harbin maraƙin da aka kai mata. Amma shofer ya ƙirga, gardi ya ƙirga, kuma kowa ya san baffanka ne. In na goge da hannuna, ni da kai mu kwana a hannun soja." Ya buga bik a tabur. "Hanya ɗaya ce. Ran Litinin takardar za ta tafi Damagaram. Ya zo nan kafin azahar, ya faɗa da bakinsa a gaban magatakardan kumandan cewa bai da ko ɗaya, ya dangwala yatsa. Ni kuma ba zan tambayi masu shanun ba."

Yero ya yi kamar ya durƙusa masa. Ya aika wa Dada, don ya san ba shi zai tunkari Bappa da wannan magana ba. Abin da Dada ta faɗa wa mijinta, Allah kaɗai ya sani. Amma ran Litinin da hantsi sai ga Bappa a ƙofar biro shi da Hamma, kwana biyu suna hanya a ƙasa, ƙafafunsu fari fat.

Magatakarda ya zo da tampo ɗinsa na buga hatimi ya zauna. Mushe Bawa ya dubi Yero ya ce, "Ko za ka ɗan fita ka sha iska?"

"A'a, bari in zauna," in ji Yero. "Bai saba da biro ba. In ya ga nasa zai fi sakin jiki."

Haba Yero! Shafi ɗari da ashirin! Kai da ka zauna a Abijan ka rubuta wa Nasara baƙi a kan fari cewa makiyayi ba ya ambaton rashi a gaban ɗan farinsa, ko da yunwa za ta kashe shi. Amma ranar nan ba sosiyoloji ne a kansa ba. Ɗoki ne, da son ya ga da idonsa lokacin da sunan Bappa zai shiga takarda, ya zama shi ne ya tsaya aka yi. Ya gyara zama a gefen tabur, takarda a gabansa.

Bappa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya shigo. Aka nuna masa kujera, ya ƙi, ya tsuguna a ƙasa. Ya ɗaga kai zai gai da manya, sai ya ga Yero. Ya mayar da idonsa kan bango.

"Baba, sannu da hanya," in ji Mushe Bawa. "Tambaya ɗaya ce. Shanu nawa suka rage maka?"

"Mun gode Allah."

"Mun gode masa. Amma naka na kanka nake tambaya. Akwai ko babu?"

Ana jin kukan jaki daga wajen kasuwa. Yatsun Bappa suna murza bakin rigarsa. A nan ne ya kamata Yero ya miƙe ya ce ana kiransa a waje, ko ya ce fitsari ya matse shi, kowace ƙarya ma ta yi. Maimakon haka sai ya sunkuyo, ya sassauta murya, ya ce da Fulatanci, "Bappa, ka faɗa kawai. Ba komai, na riga na sani."

Tsohon ya runtse ido kamar an watsa masa ruwan zafi. Sannan ya miƙe wuya, ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Akwai. Alhamdu lillahi, akwai."

Magatakarda ya rubuta, ya buga tampo. Mushe Bawa ya ajiye bik ɗinsa a hankali, bai dubi kowa ba. Bappa ya yi godiya, ya ja da baya, ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita.

Yero ya biyo shi waje, amma Hamma ya tare shi, ido jawur. Mutumin nan da bai taɓa ɗaga masa murya ba ya ce, "Wa ya ce ka zauna? Tun daga Tudun Kalgo yake koya wa bakinsa kalmar nan. Babu, babu, kwana biyu ina jin sa yana faɗa wa hanya. Da baƙi kaɗai ya tarar, da tuni ya faɗa ya huta. Kai wane irin karatu ka yi?"

Yero ya koma ciki da gudu ya roƙi a sake, shi zai fita, zai bar garin ma in ana so. Magatakarda ya ce ina! An ƙirga da ido, mai shanu ya amsa da bakinsa, me kuma ake nema? Ko da ya yarda, Bappa ya riga ya kama hanya, kuma ba mutumin da zai dawo ya ƙaryata kansa ba ne. Da azahar mota ta tafi Damagaram da sunaye sittin da uku.

Baƙin cikin da Yero ya shiga ba ya faɗuwa. Ya rame, ya daina zuwa gida. A satin nan ya rubuta wa masu kula da lakwal cewa in ajin nan yana nan, yana so. Mushe Bawa ya yi ta ba shi baki, ya ce kuskure ɗaya ba ya kashe ma'aikaci, ana buƙatar irinsa, wani furojen ma yana tafe. Yero ya ce shi dai ba zai ƙara tsayawa tsakanin mutane da abincinsu ba. Sai dai dole ya ƙarasa abin da ya fara, kuma ƙarshen aikin shi ne ranar rabo.

An yi rabon a Dungas bayan ruwan farko, a wani fili da aka kewaye da dangar kara. Karsana kusan ɗari biyu, jajaye da farare, aka koro daga arewa. Yero ne mai kiran suna. Yana tsaye a kan benci yana kira, mutum ya fito ya shiga ya zaɓi ukunsa. Da ya kira Hamma, sai ya ga mutum biyu sun fito. Bappa ya zo taya abokinsa zaɓe.

Kowa ya san idon Bappa a kan saniya. Ya shiga cikinsu a hankali yana yi musu ƴar muryar nan da makiyaya ke yi, suka lafa. Ya buɗe bakin wannan ya duba haƙora, ya shafa hantsar waccan, ya ɗaga ƙafar wata ya girgiza kai ya sake ta. Ya fitar wa Hamma uku. Sai Sale ya ce don Allah shi ma a duba masa. Sai na bayansa. Har rana ta karkata Bappa yana cikin dangar nan yana zaɓar wa mutane shanu, rigarsa duk ƙasa da yawun karsana, fuskarsa a sake yadda Yero bai ga ta ba tun da ya dawo.

Da aka kira suna na ƙarshe, Yero ya sauko ya zagaya ta bayan danga, yana so ko gaisuwa su yi. Ya tarar da Bappa a bakin ƙofa ya ba shi baya, yana ɗaure wa karsanar Hamma igiya. Ɗaya daga cikin mutanen da suka koro shanun daga arewa, baƙo ne da bai san kowa ba, yana tsaye yana kallonsa da sha'awa.

"Baba, wallahi ka san dabba," in ji baƙon. "Tun safe kake zaɓar wa mutane. To ina naka?"

Bappa bai ko ɗaga kai ba. Ya ja ƙullin igiyar ya gwada ƙarfinsa, ya ce, "Ni ba ni da ko ɗaya, ɗana. Arba'in da huɗu ne, duk sun mutu."

Haka kawai, ba gargada, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Baƙon ya ce Allah ya mayar da alheri, Bappa ya ce amin, ya kaɗa karsanan Hamma suka kama hanyar Tudun Kalgo.

Yero ya ja da baya ya laɓe a jikin dangar, takardar a naɗe a hannunsa. Bai motsa ba sai da suka yi nisa, don kada Bappa ya waiwayo ya gane ya ji.